Yana kukan yunwa a Fas, ga shi kuma a hoto cikin ƙanƙara: in yanke masa kuɗi?

Tanti, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, ina da rumfar atamfa da yadi a Kasuwar Dole. Tun rasuwar mahaifinmu ni nake riƙe da gida. Autanmu ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya samu burs, wato tallafin karatu, zuwa Maroko, yanzu yana shekara ta biyu a jami'ar Fas. Burs ɗin ba ya isarsa, wani lokaci ma yana jinkiri, saboda haka nakan tura masa abin da ya sawwaƙa: wani wata jaka 30 (sefa dubu 30), wani wata 20, in kasuwa ta yi kyau har 50, duk ranar da na samu. Kullum maganarsa ɗaya ce, yunwa da sanyi, abincin ƙasar bai karɓe shi ba, daga burodi sai shayi. Hajiyarmu ta gan shi a kiran bidiyo ta ce ya rame, ta kwana tana kuka. Sai ga shi a fada wani abokina ya nuna mini sitatus ɗinsa na WhatsApp: yana cikin ƙanƙara da ƙatuwar jaket, ya jingina da wani zakin dutse, yana dariya da abokai har da 'yan mata. Wani hoton kuma a gidan shan kofi. Ashe ni ya rufe mini sitatus ɗin. 'Yan fada suka yi ta dariya, wai ina tsaye a rana shi yana yawon buɗe ido da gumina. Yau kusan wata guda ban ɗauki kiransa ba, kuma ina so in yanke kuɗin. Hajiya ba ta sani ba. Me kike gani?

Daga wani yaya a unguwar Zango

Ɗana, kada ka yanke kuɗin, kada kuma ka ƙara ko dala tukuna. Na duba wasiƙarka da kyau, ban ga inda ƙanenka ya yi maka ƙarya ba. Yunwar gaskiya ce, hoton ma gaskiya ne, kuma a Marokon da na sani abubuwan biyu suna kwana a ɗaki ɗaya lafiya lau.

Mu fara da zakin, tunda shi ya hana ka barci. Garin sunansa Ifran. Yana kan duwatsun Atlas, tsayinsa daga teku ya haura mita 1,600, Faransawa suka gina shi a 1929 don su riƙa gudun zafi. Tsakaninsa da Fas kilomita 60 da 'yan kai ne, bai kai Damagaram zuwa Magarya ba. Zakin yana tsakiyar gari, ba a biyan ko sisi don ɗaukar hoto da shi, kuma da wuya ka samu ɗalibin Afirka ta Yamma da ya yi karatu a Fas ko Maknas bai jingina da shi ba. Yadda suke yi shi ne, in an gama jarrabawar Janairu sai a haɗa kuɗin mota, ko ƙungiyar ɗalibai ta ɗauki bas guda, a tafi da safe a dawo da magariba, burodi da sardin na gwangwani a cikin jakar goyo. In ba su yi almubazzaranci ba, da wuya kuɗin ranar ya wuce jaka 5 ko 6. Jaket ɗin kuwa ko gwanjo ce ko aro, kuma ka san kayan aro ba ya rufe katara, amma yana rufe ƙasusuwan wuya a hoto. Yaron da aka haifa a Zango, wanda bai san ƙanƙara ba sai ta cikin firigo, a ce tana zuba a nisan sa'a ɗaya daga ɗakinsa ya ƙi zuwa gani? Da haka ya yi, da ni na fi damuwa.

Gidan shan kofi ma kada ka auna shi da gidan abincin manya na Yamai. A Maroko kowane layi da nasa. Mutum ya sayi shayi kofi ɗaya ya zauna sa'a uku, ba mai korarsa, ga intanet, ga wurin cajin waya, ga ɗumin jama'a da babu shi a ɗakin haya. Ɗalibai da yawa a nan suke bitar darasi da sanyi. Ban ce ƙanenka karatu yake yi a hoton ba, don ban gani ba. Na dai ce hoton bai isa shaida ba.

Rufe maka sitatus kuskure ne, ka faɗa masa haka. Sai dai ka tambayi kanka dalilin da ya sa ya rufe: ya san fassarar da za ka yi, ga shi kuwa ka yi ta. Wata guda kana kallon wayarka tana ƙara da sunansa, shi yana can bai san laifinsa ba, ko ya sani amma ba a ba shi bakin magana ba. Ka kira shi. Ka ce ka ga hoton, ka ji zafi, ka faɗa masa inda ka gan shi da dariyar da aka yi maka. Sannan ka yi shiru ka saurare shi.

Yanzu batun kuɗi, wanda kai ka fi ni sani, amma bari in lissafa maka da kuɗin can. Dirhami ɗaya kusan sefa 60 ne, dala 12 ke nan. Jaka 30 ɗin da kake jin nauyinta a nan, in an cire ladan aikawa, ba ta cika dirhami 500 a hannunsa. A cikin wannan da burs ɗin zai biya kasonsa na haya, da ruwa da wuta, da bas zuwa jami'a, da fotokofin darussa wanda ba ya ƙarewa, da katin waya, sannan a yi maganar ciki. Babban tulun gaz mai kilo 12 dirhami 50 ne tun 2024. Burodin nan kewayayye na talaka dirhami 1 da santim 20. Ka ga dalilin da ya sa burodi ne abokin duk ɗalibin da aljihunsa ya yi sanyi.

Amma a ganina yawan kuɗin bai kai rashin ranarsa ɓarna ba. Mai gida yana son hayarsa farkon wata. In naka bai iso ba, burs ma shiru, sai yaro ya nufi mai butik na unguwa, wanda suke kira hanut, ya fara cin bashi a littafi: burodi, sukari, ƙwai, madara. Ranar da jaka 50 ta faɗo, rabi ya tafi ga littafin nan da bashin abokai, sauran kuma cikin da ya daɗe yana haƙuri ya ce sai an rama masa, a ci kaza da soyayyen dankali kwana uku, a koma gidan jiya. Kai da kake saro kaya ka san ba a tsara kasuwa da jarin da ba a san ranar zuwansa ba. Jaka 25 da ke isowa ranar 1 ga kowane wata ta fi masa jaka 50 mai zuwa sa'ad da ta ga dama. Ka duba abin da za ka iya ko a watan da kasuwa ta mutu, ka tsayar da shi, ka tsayar da rana. Ribar watan albarka ka ajiye ta gefe don rashin lafiya da kuɗin takardu. Kuma ka buɗe masa littafin rumfarka ko sau ɗaya, ya san yadda kasuwa take bayan salla da lokacin damina. Ƙannenmu da yawa suna ɗauka yaya rijiya ce, don ba a taɓa nuna musu gindinta ba.

Shi kuma ya rubuta duk abin da ya kashe na wata guda, daga dirhami ɗaya zuwa sama, ya ɗauki hoton shafin ya turo maka. A cikin lissafin ku ware ɗan wani abu na fita, wanda ba za ka tambaye shi inda ya kai shi ba. In ba ka ware ba, daga kuɗin cefane zai cire, kuma ya ɓoye maka.

Akwai wani abu da zai rage masa asara tun gobe. Masu kayan miya a kasuwannin can da riyal suke kiran farashi, riyal 20 shi ne dirhami ɗaya. In mai tumatir ya ce ɗari, dirhami 5 yake nufi. Baƙon da Faransanci kaɗai ke bakinsa sai ya rikice, ko ya biya fiye da kima, ko ya gudu babban kanti inda komai ke da lamba a jiki kuma ya fi tsada. Mu da muka tashi muna cewa dala ashirin muna nufin sefa ɗari, wannan lissafi bai kamata ya ba mu tsoro ba. Faransanci na aji ne. Kasuwa da taksi da maƙwabta da Darija ake yi, Larabcin gari. Shekara biyu a Fas, ya kamata ya iya ƙirga da tayi da gaisuwa da ita. Ka tambaye shi ko ya iya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Auta ne, namiji ne, a gidan da ke da uwa da yayye mata. Na tabbata bai taɓa riƙe muciya ba. Haka muke yi a garin nan: yaro ya leƙa madafa a kore shi, a ce me namiji ke nema wurin tukunya, ya girma sai dai a ajiye masa kwano a rufe. Ranar da ya ci bak a yi guɗa, a raka shi tasha, a ɗora shi a jirgi zuwa inda ba Hajiya ba ƙanwa ba mai tuwo a bakin titi. Sannan mu yi mamakin ramarsa. Wannan laifin da shi da ku da ni duka muka raba.

Maroko ba ƙasar yunwa ba ce ga mai tukunya. Tumatir, albasa, karas, dankali, kabewa, duk suna da sauƙi a kasuwar unguwa, musamman da yamma sa'ad da masu kaya ke son tashi. Da sanyi lemu yana cika ko'ina. Ƙasar ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da sardin na gwangwani, ɗanyensa kuma shi ne kifin talaka, a wanke a barbaɗa gishiri da yaji a soya. Akwai adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi da ke nuna cikin rabin sa'a ba sai an jiƙa ba. Akwai farin wake da suke kira lubiya, a jiƙa da dare a dafa da tumatir. Kowane gida a can yana da kokot, tukunyar nan mai murfi da ke huci, tana rage gaz da lokaci. Ita ce abu na farko da zan so a saya masa, kafin sabon takalmi.

Abincin gida ma bai yi masa nisan da yake zato ba. Garin alkama mai tsaki-tsaki da suke kira smida yana tuƙuwa tuwo sumul. Kuɓewa tana fitowa da zafi, sunanta mulukiya a bakinsu. Jan barkono mai zafi sudaniya suke ce masa, gyaɗa kuma kawkaw. Wurin masu kayan ƙamshi zai samu citta da kanumfari da zoɓo. Har hatsi akwai, suna kiransa illan, suna yi wa wanda ya karye kunu da shi don ƙashi ya yi ƙarfi. Da kilo ake sayarwa, ba da tiya ba, kuma da tsada in ka tuna farashin Dole, amma kilo ɗaya ya ishe shi furar Juma'a sau da yawa. A niƙa, a kwaɓa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a dunƙula a dafa, a murje, a dama da laban, wato nonon da ake sayarwa a kowane hanut. Ba za ta kai ta Hajiya ba, amma Bahaushen da ya shekara bai sha fura ba ba zai tsaya gardama ba. Dambu kuwa ya fi komai sauƙi: kuskus yana cikin leda a kowane shago, in akwai busasshen zogale da ƙuli-ƙuli da yaji, sai albasa da mai, kafin a gama sallar isha'i ya haɗu.

Ga aikin da zan ba Hajiya. Hawayenta ba su ƙara masa kilo ko ɗaya ba, amma hannunta zai iya. Ranar Lahadi a jingina waya kusa da murhu, shi ma ya jingina tasa kusa da gaz, ta tuƙa yana tuƙawa, ta ce rage wuta, ta ce ruwan ya yi yawa, ta yi masa faɗa in ya yi gudaji. A fara da tuwo da miyar kuka, sai shinkafa da wake, sai miyar gyaɗa, sai dambu. Abinci huɗu sun isa su riƙe ɗalibi har ya gama lisans, wato digirin farko. Ita ma za ta samu abin yi da kewar ɗanta maimakon kallon ƙasusuwan wuyansa a waya. Batun hoton kuwa, ka nuna mata da kanka, kana dariya, ka ce ga autanki cikin ƙanƙara. In ba haka ba wata maƙwabciya za ta kawo mata shi da ƙarin gishiri.

Ya kuma nemi abokan ɗakinsa su haɗa tukunya. Mutum huɗu su zuba kuɗin cefane farkon wata, su sayi shinkafa da mai da yawa, kowa da ranar girkinsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rigima ba ta rasa tashi, a kan wanke-wanke ko a kan wanda cokalinsa ya fi kuɗinsa tsawo, don haka a rubuta ƙa'ida a manna a ƙofa tun ranar farko. In a cikinsu akwai ɗan Mali ko Sanagal ko Gine, ya ci riba, don su da yawa sun iya shinkafa da kifi da miyar gyaɗa tun daga gida.

Maganar abincin ƙasar bai karɓe shi ba, rabinta gaskiya ce. Suna son zaitun da wani kayan ƙamshi da suke kira kamun, suna haɗa nama da busasshen 'ya'yan itace mai zaƙi, yajinsu kuma ga bakinmu wasa ne. Watannin farko kowa yana shan wuya. Amma shekara ta biyu ce, lokacin yanga ya wuce. Da safe akwai bisara, faten wake mai kauri da man zaitun a kai, kwano ɗaya da burodi na 'yan dirhami yana kai mutum la'asar. Da yamma akwai harira, miyar tumatir da adas da ɗan nama wadda da ita suke buɗe baki da azumi. Ya riƙa yawo da ƙullin yaji a aljihu, ba kunya ba ce. Ranar Juma'a kuma kusan kowane gida kuskus ake yi, kuma mutanen can suna aika wa maƙwabta, balle ɗalibi baƙo. Sai dai kwanon ba ya zuwa ƙofar wanda ba ya gaisuwa. In ya zo, kada ya mayar da shi wayam, ko lemu ne ya sa a ciki.

Ku kuma nan gida ku haɗa masa ƙunshi: kuka, busasshiyar kuɓewa, zogale, yakuwa, daddawa, ƙuli-ƙuli, tsamiya, yaji mai yawa. Ɗalibai masu komawa bayan hutu da masu zuwa ziyara ba sa yankewa. A buɗe komai a gaban mai ɗauka, a rubuta sunan kowane abu a jikin leda, don ba adalci ba ne a ba mutum ƙulli rufaffe ya ratsa filin jirgi da shi. Kilishi kada a sa rai da shi sosai, nama ana iya riƙe shi a can. Daddawa a yi mata leda uku, a tausaya wa tufafin bawan Allah.

Fita kuwa, ni ina bayanta, har ma ina ganin in Ifran da gidan kofi kaɗai ya sani, bai fita ba tukuna. Yana zaune a garin da dattawanmu ke tara kuɗi shekara da shekaru don su taka. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, tana cikin tsohon birnin, kullum da baƙi daga Sanagal da Najeriya da Nijar, har Hausa zai ji a ƙofarta. Kusa da ita ga masallacin Ƙarawiyyin da wata mace, Faɗimatu al-Fihri, ta kafa a 859, inda ake karatu har yau. Ga majemar Shuwara, inda ake jima da rini a cikin ramuka tun zamanin da; ɗan garin dukawa da majema ya kamata ya je ya tsaya ya kwatanta da namu. Lambun Jinan Sabil ba a biyan kuɗin shiga. Maknas ba ta kai sa'a ɗaya a jirgin ƙasa ba, shi kuwa bai taɓa hawan jirgin ƙasa ba kafin ya bar gida. Duk waɗannan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma wata rana a rumfarka zai zauna yana ba 'ya'yanka labari.

Akwai kuma abin da ba zai faɗa maka ba don kada ka ce ya cika raki. Zama baƙar fata a can yana da ranakunsa. Mutanen kirki sun fi yawa, amma akwai yaran da za su bi shi da suna a titi, akwai mai gidan da zai ce ɗaki ya kama da ganin fuskarsa. Ɗalibin da ya kulle kansa a ɗaki daga aji sai katifa, shi ne wanda ke fara rashin barci, ya daina cin abinci, ya daina zuwa darasi. Fita da 'yan'uwa magani ce. Masallacin unguwa ma haka: Malikiyya ne irinmu, kuma bayan asuba da magariba ana karanta hizbi a taru da ruwayar Warshu, wadda da ita ya yi allonsa. Ya zauna a da'irar nan mako biyu, zai ga dattawan unguwa sun fara tambayar daga ina yake.

'Yan matan hoton abokan karatu ne har sai ka ji wani abu dabam. Irin wannan tafiya a haɗe ake yin ta. In kana da shakka ka tambaye shi kai tsaye, a matsayin yayansa, ba a gaban Hajiya ba. 'Yan fada kuwa, a cikin masu dariyar wa ya taɓa ba ka dala don karatun yaron? Ka sha shayinka ka bar zancen gidanku a gida.

Sanyin da yake kuka da shi kada ka raina. Namu hunturun busasshe ne, rana na fitowa ya gudu. Nasu da ruwan sama yake zuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, dare yana sauka kusa da sifiri, gidajen kuma tayil ne ba abin ɗumama ɗaki, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Mai jin sanyi cikinsa ya fi saurin ƙonewa, wannan ma yana cikin ramar. Bargo mai nauyi da safa da hular sanyi su shiga lissafin watan nan. Kuma ka ja masa kunne da babbar murya a kan abu biyu. Kada su kunna gawayi a rufaffen ɗaki, ko don shayi ko don ɗumi, su kwanta. Kada kuma ya yi wanka da injin ruwan zafi mai gaz alhali taga tana rufe. Iskar da ke fita daga waɗannan ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kuma duk sanyi sai ta kashe mutane a ƙasar. In suka ji haka, su buɗe taga su fita waje tukuna, sannan a nemi likita.

Abin da ya cancanci ya hana ka barci ba ya fitowa a sitatus. Na farko sakamako. Lisans zango shida ne, kowane zango da jarrabawarsa da ta gyara ga wanda ya faɗi, kuma ana ba da takardar maki. Ta zangon da ya wuce ya turo maka hotonta, kai da ke biya kana da haƙƙin gani, burs ɗin ma a jikin sakamakon yake rataye. Na biyu katin zama, wanda ake sabuntawa da takardar rajistar jami'a. Ka ce ya nuna maka ranar ƙarewarsa, don wanda katinsa ya mutu komai nasa yana tsayawa. Na uku, ka kasa kunne ko zancen arewacin Maroko ya fara shiga bakinsa, Tanja ko Nador, ko wani aboki da ya tsallaka teku zuwa Turai. Daga Tanja ana hango Sifen da ido, ruwan kusan kilomita 14 ne a inda ya fi ƙunci, kuma yaron da aka yanke wa kuɗi, yake jin kunyar dawowa gida hannu wofi, shi ne masu wannan hanya suke nema. A Yunin 2022 mutum aƙalla 23 suka mutu a shingen Malila, garin da ke hannun Sifen kusa da Nador, cikin safiya ɗaya. Wannan yana cikin dalilan da na ce kada ka yanke.

In takardun nan suka zo lafiya, ka tsayar masa da ranarsa da adadinsa, ka ce ya buɗe maka sitatus. In kuwa ya fara kame-kame, takardar maki yau gobe, ka nemi shugabannin ƙungiyar ɗaliban Nijar na Fas, su sun san wanda ke zuwa aji da wanda ya daina. Ko a nan ma ba yankewa za a fara da ita ba: ka riƙa biyan kasonsa na haya ta hannun babba a cikin abokan ɗakinsa, na cefane ya shiga tukunyar haɗaka, na fita ya tsaya har sakamakon Yuni. Sannan ka sake rubuto mini, ka haɗo da shafin lissafin nan na wata guda, mu duba tare.